Zamewar cen: Wane keke ne ke buƙatar makari a hanyar Sharaɗa, Challawa da Bompai?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, keke ya dawo titunan Kano da ƙarfinsa. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Kuɗin A Daidaita Sahu ya bi sahu. Acaɓa kuwa tun watan Janairun 2013 gwamnatin jiha ta hana shi a cikin birni, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne ma'aikatan kamfanoni. Mutumin Ja'en ko Ɗorayi da ke aiki a Sharaɗa, da na Panshekara ko Zawaciki da ke sammako zuwa kamfanonin jima na Challawa, da na Dakata, Kawaji ko Birget da ke nufar Bompai, duk lissafinsu ɗaya ne: in aka cire kuɗin mota na zuwa da dawowa daga albashi, me ya rage na cefane? Mafi ƙarancin albashi a ƙasa naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, kuma lebura da ake biya kullum-kullum ba lallai ya kai hakan ba. Sai da yawa suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, wasu suka sayi na hannu.

Da keken ya dawo, tsohuwar matsalarsa ma ta dawo. Ana cikin tafiya sai feda ta tafi fayau babu nauyi, cen ya sauka daga kan haƙoransa. A lungun unguwa wannan ɓacin rai ne kawai da baƙin hannu. A titin da tireloli da tankoki ke shiga da fita kamfanoni kuwa, mutum ya rasa ƙarfin feda a daidai lokacin da yake ƙoƙarin tsallake gaban babbar mota, maganar ta wuce ta baƙin hannu. Ga kuma makara, wadda mai aikin sammako ya san abin da take jawowa a bakin get.

A ƙasashen da ake tseren keke akwai wani ɗan ƙarfe ko roba da ake ɗaurawa a saman farantin gaba, wato farantin nan mai haƙora da ke jikin feda. Cen yana wucewa ta cikinsa ba tare da ya taɓa shi ba, sai ranar da ya yi niyyar tsalle ya fita, nan ne yake tare shi. Ana iya kiransa makarin cen. Masu keke a can sun daɗe suna musu a kan ko keke mai farantin gaba guda ɗaya yana buƙatarsa ko kuwa ƙarin nauyi ne kawai.

A Kano amsar ta danganta da irin keken da mutum yake hawa, domin kekuna masu faranti ɗaya iri uku ne ke yawo a gari, kuma ɗaya ne kaɗai daga cikinsu makarin ya zame masa dole.

Keken iyaye da kakanni

Na farko shi ne baƙin keken nan da kowa ya sani, irin su Raleigh da Phoenix, wanda ba shi da giya. Kano ta san shi ciki da bai, don kamfanin Raleigh ma ya taɓa yin masana'anta a garin. Faranti ɗaya a gaba, ƙarami ɗaya a baya, cen a miƙe tsakaninsu.

Wannan keke ba ya buƙatar makari, kuma dalilin a bayyane yake. Cen ɗinsa ba ya karkata hagu ko dama, layi ɗaya yake bi. Haƙoran farantinsa dogaye ne. Kuma babu wani sifirin da ke riƙe da cen ɗin, tsawonsa da nisan tayar baya su ne suke ɗaure shi. Muddin an ja tayar baya yadda ya kamata, cen ba shi da sararin da zai hau kan haƙori ya fita.

In ya fara zamewa, to ya saki ne. Gwajin ba wuya: a danna cen da yatsa a tsakiyarsa, in yana motsi sama da ƙasa fiye da kimanin rabin inci, ya yi sako-sako. Sai a sassauta notunan tayar baya, a ja ta baya kaɗan, a tabbata ta zauna a tsakiya, a ɗaure. A kuma juya feda zagaye guda a duba, saboda yawancin farantai ba su cika daidai ba, akwai wurin da cen ke matsewa da wurin da yake sakewa. In aka ɗaure shi tamau a wurin sakin, zai ci boris a wurin matsin.

Abin da wannan keke ya fi buƙata shi ne murfin cen ɗinsa, wanda da yawa ake cirewa a jefar da zarar ya fara ƙara. Murfi daban, makari daban. Murfin shi ne ke hana ƙafar wando ko gefen kaftani shiga tsakanin cen da haƙori, yana kuma rage ƙurar da ke sauka a kai. A garin da ake hawa keke da dogayen kaya, wanda ya cire murfi ya san abin da telansa zai ci a hannunsa.

Yadda Turawa suka koma faranti ɗaya

Na biyu shi ne keken zamani da aka ƙera shi tun asali da faranti ɗaya a gaba da giya masu yawa a baya. Shekaru da dama kekunan hawan dutse suna zuwa ne da faranti uku a gaba, daga baya biyu. Wanda ya cire ya bar ɗaya a lokacin, dole ya sa makari, in ba haka ba cen ba ya zama.

Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin. A 2011 kamfanin Shimano na Japan ya fito da macanjin giyar baya mai kuloci, wanda ya sa wa suna Shadow Plus. Macanjin giya shi ne hannun nan mai ƙananan tayoyi biyu da ke rataye a gefen tayar baya, wanda ke ɗaga cen daga wannan faranti zuwa wancan. Sifirin ne ke jan sa baya don cen ya zauna a miƙe. Matsalar ita ce in keke ya faɗa rami, nauyin cen ya kan rinjayi sifirin ɗin, hannun ya yi gaba, cen ya saki ya yi ta kaɗawa. Kulocin yana riƙe hannun ne ya hana shi wannan zabura.

A 2012 kuma kamfanin SRAM na Amurka ya fito da tsarin XX1, mai faranti ɗaya a gaba da 11 a baya. Sirrinsa yana haƙoran farantin gaba. Duk wanda ya duba cen da kyau zai ga ramukansa ba ɗaya ba ne: ɗaya mai faɗi, na biye da shi matsattse, haka har ƙarshe. Farantin da aka saba da shi duk haƙoransa sirara ne don su shiga matsattsen ramin, saboda haka in sun zo rami mai faɗi sai su yi ta lilo a ciki. SRAM ya yi haƙoran bi da bi, ɗaya mai kauri ɗaya siriri, kowanne ya cika raminsa, sannan ya ƙara musu tsawo. Shi ya sa irin wannan faranti adadin haƙoransa kullum mai rabuwa biyu ne, 30 ko 32 ko 34. Dabarar ba sabuwa ba ce, an riga an yi ta a injinan noma a Amurka tun shekarun 1970, amma a keke sai a lokacin ta samu karɓuwa.

Da aka haɗa kuloci da wannan faranti, mafi yawan masu hawa suka ajiye makari. Waɗanda suka ci gaba da sa shi su ne masu gangarowa daga duwatsu a guje, da 'yan tsere da zamewar cen sau ɗaya za ta iya jawo musu asarar gasa.

Ko su ma ɗin ba su tsira ba. Ranar 27 ga Mayun 2023, kwana biyu kafin a cire tallafin mai a Najeriya, ana tseren Giro d'Italia a ƙasar Italiya. Primoz Roglic ɗan ƙasar Slobeniya yana bayan Geraint Thomas na Birtaniya da daƙiƙa 26, saura zango ɗaya bayan wannan a kammala gasar. Ya hau keke mai faranti ɗaya a gaba don hawan dutsen Monte Lussari. Yana cikin hawa tayarsa ta daki wani gargada a hanya, cen ya sauka. Sai da ya diro ya mayar da shi, aka tura shi ya ci gaba. Ya dai yi nasara, ya lashe gasar da tazarar daƙiƙa 14 kacal. Keken da ƙwararrun makanikai suka duba kafin a hau shi ke nan, kuma gargada ɗaya ta ishe shi.

Irin wannan keke na asali ba shi da yawa a hannun ma'aikatan kamfani a Kano, saboda tsadarsa. Wanda Allah ya haɗa shi da shi a cikin kayan gwanjo, in farantin bai cinye ba kuma kulocin na aiki, zai iya zuwa Challawa ya dawo shekara guda cen bai sauka ba. A jikin macanjin Shimano akwai ɗan makunni na kulocin, wanda ake kashewa in za a cire taya. Da yawa ana mayar da tayar a manta ba a kunna shi ba.

Inda matsalar take

Na uku shi ne ya fi yawa a cikin kekunan da ake saye yanzu, shi ne kuma ke ba da wahala. Keke ne na hannu mai giya, wanda ya zo daga Turai ko Asiya da faranti biyu ko uku a gaba da shida, bakwai ko takwas a baya. Bayan 'yan watanni wayar giyar gaba ta tsinke, ko makamar da ke kan keken ta fashe. Mai keke ya duba ya ga Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, in ka cire gadojin sama babu wani hawa na a zo a gani, giyar gaban ma bai taɓa amfani da ita ba. Sai ya sa mai gyara ya kwance macanjin gaban gaba ɗaya, a ɗora cen a farantin tsakiya a bar shi nan.

Daga ranar ne cen ke fara zamewa, mai keke kuma ya yi ta zargin mai gyara ko ingancin cen. Alhali abin da ya faru shi ne an cire wa cen mai gadinsa.

Farantan keke mai giyar gaba an ƙera su ne musamman don cen ya riƙa fita daga kansu cikin sauƙi. In aka duba za a ga wasu haƙoran gajeru, wasu kamar an fafe su, a jikin farantin kuma akwai 'yan ƙusoshi da tudu-tudu. Mutum zai zaci cinyewa ce, nan kuwa haka aka yi su, don da zarar an taɓa giya cen ya bar wannan ya hau wancan. Abin da ke hana shi fita ba da izini ba shi ne kejin macanjin gaba, ƙarafan nan biyu da cen ke wucewa tsakaninsu. Ko giyar ta mutu, kejin yana nan yana aikin makari. In aka cire shi, an bar faranti mai son sakin cen ba tare da mai tare shi ba.

Sai a ƙara da sauran. Macanjin baya na irin waɗannan kekuna ba shi da kuloci, sifirin ɗinsa kuma ya gaji. Cen ɗin an yanke shi ne da tsawon da zai isa babban farantin gaba, yanzu da yake kan na tsakiya ya yi masa yawa. Kuma duk lokacin da aka sa giyar farko ko ta ƙarshe a baya, cen yana zuwa wa farantin gaba ne a karkace, yana goga gefen haƙori yana neman hanyar hawa.

Galibi ba a lokacin da ake taka feda da ƙarfi yake sauka ba, domin a lokacin saman cen a miƙe yake. Yana sauka ne in mutum ya daina takawa ya bar keke na gangarawa ya faɗa rami, ko ya mayar da feda baya don ya gyara ƙafa kafin ya tsallake kwalbati. Cen ya yi tsalle, ya dawo bai sami haƙori ba. Da ya sake takawa sai fayau. Hanyoyin cikin rukunan masana'antu, inda manyan motoci suka farfasa kwalta, da lungunan da ruwan Agusta ya zaizaye, sun ishi cen irin wannan tsalle sau goma kafin a kai bakin aiki.

Wannan keke yana buƙatar makari, babu tantama.

Mafi arha yana cikin kwandon mai gyara

Makarin da ya fi sauƙin samu shi ne wancan macanjin gaban da aka kwance. Ba ya buƙatar waya ko makama. A mayar da shi jikin bodi, a saita kejin ya zauna daidai saman farantin, ƙasansa ya ɗara tsinin haƙora da milimita biyu zuwa uku. A jikinsa akwai ƙananan sukurori biyu masu alamar H da L, waɗanda ke iyakance inda kejin zai tsaya. A ɗaure na L har kejin ya matso ya sa cen a tsakiyarsa. In sukurun ya gaza, a sa wanda ya fi shi tsawo. Daga nan a ɗaga tayar baya, a bi giyoyin baya ɗaya bayan ɗaya, a tabbata cen ba ya gogar kejin a ta farko da ta ƙarshe.

Mataki na biyu a rage tsawon cen. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce a zagaya shi a farantin gaban da ake amfani da shi da kuma mafi girma na baya, ba tare da an bi ta cikin macanjin giya ba, inda bakunan suka haɗu a ƙara gaɓa biyu, wato inci ɗaya, a yanke sauran. Kada a wuce haka. Cen da ya gajarce fiye da kima yana iya fizge macanjin baya ya cusa shi cikin wayoyin taya ranar da aka sa babbar giya, a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Akwai kuma waɗanda kekunansu suka zo da faifan roba a gefe biyu na farantin, musamman ƙananan kekuna masu naɗewa. Ba ado ba ne, makari ne. In ɗaya ya fashe a nemi madadinsa, kada a ɓalle ɗayan don su yi daidai. A keke mai faranti uku ma, barin babban farantin a wurinsa yana tare cen daga faɗawa waje ta wajen feda, sai a nemi abin da zai tare shi ta ciki.

Masu walda na iya lanƙwasa ɗan ƙarfe su yi makari, kuma yana aiki in an yi shi da maɗauri mai noti wanda za a iya matsar da shi sama ko ƙasa. Abin gudu shi ne a like shi da wuta a jikin bodi. Yawancin kekunan nan na alminiyom ne ko ƙarfe marar kauri, wuta tana raunana su, kuma makarin da aka like ba ya saituwa. In ya yi nisa da faranti, cen zai fita ya maƙale a ƙarƙashinsa, fito da shi sai da sifana. Gara ma babu makarin da irin wannan.

Mai hali zai iya sayen faranti mai haƙora kauri da siriri ya sa. Sai dai a duba abu biyu kafin a kashe kuɗi. Da yawa daga cikin kekuna masu arha farantansu a dunƙule suke da hannun feda, an buga su da ƙusa, ba sa kwantuwa, sai dai a canja hannun fedar gaba ɗaya. Waɗanda ke kwantuwa kuma sai ramukan notinsu sun dace da na sabon, mafi yawa a kekunan hawan dutse noti huɗu ne a da'ira mai faɗin milimita 104. Na biyu, an fi yin waɗannan farantai don cen na giya 9 zuwa 12. Cen na giya shida ko bakwai ya ɗan fi faɗi, riƙon ba ya kai yadda ake so, ko da yake ya fi na tsohon faranti nesa ba kusa ba.

Abin da makari ba ya gyarawa

Akwai zamewar da ko makari goma aka sa ba za ta daina ba. Farantin da ya lanƙwashe saboda keke ya faɗi ko an jingina masa kaya, in aka juya feda a hankali ana kallonsa daga sama za a ga yana rawa. Haka in boris ɗin tsakiya ya saki, hannun feda na girgiza hagu da dama. Haka in wata gaɓa ta cen ta ƙage ba ta lanƙwasuwa, ko ɗan ƙarfen da macanjin baya ke rataye a jikinsa ya karkace.

Babba a cikinsu ita ce cinyewar cen, kuma a nan Kano tana da nata kason. Ƙurar hunturu da baƙin man inji da aka saba ɗurawa cen in sun haɗu, sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa a cikin kowace gaɓa. Ƙusoshin cen su sirance, cen ya ƙara tsawo, ya daina zama a gindin haƙori ya koma hawa kan tsininsa. Man da ke aiki shi ne wanda ya shiga cikin gaɓoɓin. Wanda ya rage a waje ƙura kawai yake kira, don haka bayan an ɗiga mai a goge cen da tsumma har ya kusa bushewa.

Ana gane cen ya ƙare da rula ta 'yan makaranta. Tsakanin kowace ƙusa da ta gaba rabin inci ne cif, saboda haka a sabon cen, in aka sa farkon rula a tsakiyar wata ƙusa, alamar inci 12 za ta faɗa tsakiyar wata ƙusar daidai. In ƙusar ta gota alamar da kimanin milimita ɗaya da rabi, lokacin canja cen ya yi. In ta kai milimita uku, ya riga ya ci farantan baya, sabon cen zai riƙa tsalle a kansu, sai an canja su tare. Kuɗin cen kaɗai da kuɗin cen haɗe da farantai ba ɗaya ba ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu 'yan watannin sakaci ce.